Daga Ajaokuta zuwa Dei-Dei: Shin sinadarai za su iya gyara kwal ɗin Najeriya har ya narka tama?

Fashin baƙi daga Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, NAN

Kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, wadda ke gefen babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba, na daga cikin manyan wuraren da magina a Babban Birnin Tarayya Abuja ke sayen rodi da ƙusa da kwanon rufi da bututun ƙarfe.

Sai dai duk yawan ƙarfen da ake saukewa ana lodawa a kasuwar kullum, babu ko sanda ɗaya ta rodi da aka samo daga tamar Itakpe da aka narka a babban murhun Ajaokuta, domin ba a taɓa hura wa murhun wuta ba tun da aka gina shi.

Akasarin rodin da ke hannun 'yan kasuwa, ko dai an yi shi ne da tsofaffin ƙarafa da aka narka da lantarki a masana'antun Legas da Ogun da wasu jihohi, ko kuma ƙarfensa ya shigo ne daga ƙetare.

Ministan Bunƙasa Ƙarafa, Shuaibu Abubakar Audu, ya sha bayyana cewa Najeriya na kashe kimanin dala biliyan 4 a kowace shekara wajen shigo da ƙarfe.

Idan ana zancen abin da ya durƙusar da Ajaokuta, an fi ambaton siyasa da rikicin kwangila da shari'o'i. Akwai kuma wata matsala ta kimiyya da ba kasafai ake tattauna ta ba, wadda ko da an warware sauran za ta ci gaba da jiran amsa: murhun ba ya aiki sai da gasasshen kwal mai ƙarfi, kuma mafi yawan kwal ɗin da Allah ya hore wa Najeriya ba ya gasuwa yadda ake bukata.

Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna binciken ko za a iya zuba wa kwal ɗin wasu sinadarai a lokacin gashi domin a cike gurbin abin da ya rasa.

Mene ne gasasshen kwal?

Maƙeran ƙasar Hausa ba sa sanya ɗanyen itace a maƙera. Sai an rufe icce an hana shi iska ya ci wuta a hankali, hayaƙi da ruwan jikinsa su fita, ya koma gawayi. Ko a cikin gawayin ma suna da zaɓi, domin na ƙirya ya fi sauran nauyi da zafi da jimiri a gaban zugazugi.

Da gawayin itace ne magabata suka narka tama a Taruga, wani wuri da ke kudu maso gabashin Abuja, inda masu binciken kayan tarihi suka tono muraren narka ƙarfe da suka haura shekara 2,000.

Abin da ake yi wa icce ya zama gawayi, shi ake yi wa kwal ya zama abin da masana ke kira kok. Ana niƙa kwal a zuba shi a cikin wasu dogayen tanderu masu siffar ɗaki siriri, a rufe ruf, a gasa shi daga bango da zafin da ya kai digiri 1,000 zuwa 1,100 na tsawon sa'o'i kimanin 15 zuwa 20.

A cikin wannan lokaci, kusan rubu'in nauyin kwal ɗin na ficewa a matsayin iskar gas da tururi da wani baƙin ruwa mai kauri. Daga sunan wannan baƙin ruwa ne Hausa ta samo kalmar kwalta. Abin da ya rage shi ne dunƙulen kabon mai launin toka, mai ƙananan ƙofofi kamar soso, amma mai tauri kamar dutse.

Wani Bature mai suna Abraham Darby ne ya fara yin nasarar narka tama da gasasshen kwal a Ingila a shekarar 1709. Har yau kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya ta wannan hanya ake samar da shi.

A cikin babban murhu, gasasshen kwal na yin aiki uku. Shi ne makamashin da ke ba da zafi. Shi ne kuma ke samar da iskar da ke zare oksijin daga jikin tama har ta koma ƙarfe. Aiki na uku shi ne wanda babu abin da ke maye gurbinsa: shi ke ɗauke da nauyin kayan da aka jibga a cikin murhun.

Murhun dogo ne kamar bene mai hawa da yawa, ana zuba masa tama da dutsen farar ƙasa da gasasshen kwal daga sama, ana hura iska mai zafi daga ƙasa. Can ƙasa inda zafi ya tsananta, komai na narkewa in ban da kok. Ta tsakanin dunƙulensa ne iska ke hawa, narkakken ƙarfe kuma ke gangarowa.

Idan kok ɗin ya kasance mai rauni, sai ya marmashe ya toshe hanyoyin iska, murhu ya shaƙe. Shi ya sa ƙarfin kok ya fi zafinsa muhimmanci a wurin injiniyoyi.

Sirrin yana cikin danƙo

Ba kowane kwal ne ke zama kok ba. Wanda ya dace da gashi yana da wata ɗabi'a ta musamman: idan zafi ya kai tsakanin digiri 350 zuwa 500, sai ya yi laushi ya narke kamar danƙo, ya kumbura saboda iskar da ke neman fita, sannan ya sake daskarewa ya zama dunƙule guda.

Wannan ɗan taƙaitaccen lokaci na narkewa shi ne ke haɗa ƙwayoyin kwal su manne da juna. Kwal ɗin da ba shi da wannan ɗabi'a, ko an kwana ana gasa shi, garin gawayi zai fito.

Abin da ke bambanta su shi ne shekaru da irin zafi da dannin da kwal ya sha a ƙarƙashin ƙasa. Wanda bai nuna sosai ba yana ɗauke da oksijin mai yawa a jikinsa, kuma wannan oksijin ɗin na sa ƙwayoyinsa su ƙulle tun kafin su samu damar narkewa. Wanda ya wuce misali wajen nuna, shi ma ya bushe ba ya narkewa. Na tsakiya ne ake nema, kuma shi ne mafi ƙaranci a duniya.

Ƙasar Ostireliya ce kan gaba wajen fitar da irin wannan kwal, sai ƙasashe irin su Amurka da Rasha da Kanada da Mongoliya. Tun shekarar 2014 Tarayyar Turai ta sanya shi a jerin ma'adanan da take ɗauka masu matuƙar muhimmanci. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, farashin tan ɗaya ya haura dala 600.

Ana auna ƙarfin kok da wani gwaji da ake kira Mikum, inda ake zuba kilo 50 a cikin wata ganga ta ƙarfe a juya ta sau 100, sannan a tankaɗe. Ƙa'idar da aka gindaya wa Ajaokuta ita ce aƙalla kashi 78 cikin 100 su tsira a matsayin manyan dunƙule da suka wuce milimita 40, kuma garin da bai kai milimita 10 ba kada ya wuce kashi 9.

Akwai gwaji na biyu da kamfanin Nippon Steel na Japan ya ɓullo da shi, wanda ke auna juriyar kok bayan an bar shi sa'o'i biyu a cikin iskar kabon mai zafin digiri 1,100, wato kwatankwacin abin da zai tarar a cikin murhu.

Halin da kwal ɗin Najeriya ke ciki

An gano kwal a yankin Udi da ke kusa da Inugu a shekarar 1909, aka kuma fara jigilarsa ta jirgin ƙasa zuwa Fatakwal a 1916. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai kimanin tan dubu 900 a shekara, kafin jiragen ƙasa su koma amfani da man dizal, sannan yaƙin basasa ya zo ya ƙarasa durƙusar da ma'adinan.

Kwal ɗin Inugu, da na Okaba a Jihar Kogi, da na Owukpa a Binuwai, da na Maiganga a Gombe, duk suna da kyau wajen ba da wuta. Da na Maiganga ne kamfanin siminti na Ashaka ke aiki. Akasarinsu ba su cika yawan farar wuta ba, wanda hakan abin so ne. Illarsu ɗaya ce: ba su nuna sosai ba, don haka ba su da danƙon da zai haɗa kok mai ƙarfi.

Wurin da aka samu kwal mai ɗabi'ar narkewa shi ne yankin Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa, inda aka yi aikin bincike a shekarun 1970, lokacin da ake shirin kafa masana'antar ƙarafa. Shi kuma nasa matsalolin daban ne. Tokarsa na da yawa, farar wutarsa ta zarce abin da murhu ke ɗauka, sannan shimfiɗunsa a ƙarƙashin ƙasa sirara ne kuma a kakkarye, abin da ke sa haƙarsa tsada.

Ke nan mai tsafta ba shi da danƙo, mai danƙo kuma ba shi da tsafta.

Ƙungiyar Masu Sarrafa Ƙarafa ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana bukatar kimanin kilo 780 na kwal kafin a samu tan ɗaya na ƙarfe ta hanyar babban murhu. An tsara zangon farko na Ajaokuta ne ya riƙa fitar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Bisa wannan lissafi, masana'antar za ta riƙa cin sama da tan miliyan ɗaya na kwal duk shekara, kuma tun a tsarin farko an san cewa mafi yawansa daga waje za a sayo.

Rage wannan dogaro na daga cikin ayyukan Cibiyar Bunƙasa Binciken Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos, wadda ke da ƙaramin tanderun gwaji. Masu bincike a cibiyar da wasu jami'o'i, ciki har da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, sun shafe shekaru suna gauraya kwal ɗin gida da na waje domin gano iyakar abin da za a iya sanyawa kok bai lalace ba.

Mahaɗan da ake zubawa

Sinadaran da ake amfani da su sun kasu gida-gida, kuma kowanne da ciwon da yake magani.

Na farko su ne masu ƙara danƙo. Mafi shahara a cikinsu shi ne daskararren kwalta da ake samu bayan an tace baƙin ruwan da ke fitowa daga tanderun kansa, sai kuma takwaransa da ake samu a ƙarshen tace ɗanyen mai.

Idan aka gauraya kashi kaɗan na irin wannan kwalta a cikin niƙaƙƙen kwal, yana narkewa tun kafin kwal ɗin ya fara laushi, ya shiga tsakanin ƙwayoyi ya jiƙa su. Yana kuma ba da sinadarin haidurojin, wanda ke jinkirta ƙullewar ƙwayoyin, ta yadda lokacin narkewa zai ɗan tsawaita. Da haka ne ake iya saka wani kaso na kwal marar danƙo a cikin haɗin ba tare da ƙarfin kok ya faɗi ba.

A nan Najeriya na da abin da za ta iya dubawa a gida. Akwai ɗimbin kwalta ta ƙarƙashin ƙasa a yankin Agbabu na Jihar Ondo da maƙwabtansa, wadda aka san da ita tun farkon ƙarni na 20, kuma an gina matatar mai ta Kaduna da sashen da ke fitar da kwalta. Sai dai kwaltar da ta fito daga mai kan zo da farar wuta, don haka sai an auna ribar danƙon da hasarar tsaftar.

Kamfanin Kobe Steel na Japan, wanda shi ne ya gina masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina, ya ɓullo da wata dabara ta daban. Ana dafa kwal na gama-gari a cikin wani ruwan sinadari, a tsamo ɓangarensa mai narkewa, a bar toka a baya. Abin da aka tsamo ɗin ne ake mayarwa a matsayin mahaɗi.

Kashi na biyu su ne masu hana tsagewa. Lokacin da kok ke daskarewa yana tsukewa, kuma idan tsukewar ta yi yawa sai ya tsattsage ya fito ƙanana. Domin hana haka akan niƙa garin tsohon kok, ko gawayin da ke saura a matatun mai, a barbaɗa kaɗan a cikin haɗin. Aikinsu kamar na yashi ne a cikin kwaɓin siminti: ba su da danƙo, amma suna hana bango tsagewa. Idan suka yi yawa kuwa, sai su shanye danƙon da ake da shi.

Kashi na uku su ne masu ƙara cunkoso. Gwargwadon yadda ƙwayoyin kwal suka matsu da juna a cikin tanderu, gwargwadon ƙarancin danƙon da ake bukata a haɗa su. Fesa ɗan man dizal ko wani mai a kan kwal na sa ƙwayoyin su zame su zauna da kyau.

Wata hanyar kuma ita ce a daddage kwal ɗin da guduma ta inji ya zama katafaren tubali kafin a tura shi cikin tanderu. Kwal ɗin da aka zuba daga sama kan kai nauyin kilo 750 zuwa 800 a kowane murabba'in mita mai zurfi, amma wanda aka daddage yakan haura kilo 1,000.

Kamfanin Tata Steel na Indiya ya rungumi wannan hanya a masana'antarsa ta Jamshedpur tun 1989, saboda Indiya ma na fama da irin matsalar Najeriya: tana da kwal mai yawa, amma mai kyau na gashi kaɗan ne. Dabarar ta ba kamfanin damar amfani da kwal mai rahusa, duk da cewa har yau Indiya na sayen miliyoyin tan daga Ostireliya.

Kashi na huɗu su ne waɗanda ake fesawa bayan an gama gashi. A China da Rasha da Yukiren an yi gwaje-gwaje da ruwan sinadarin boron, wanda ke yin wata siririyar fata a jikin kok, ta rage saurin da iskar murhu ke cin sa. Sakamakon ɗakin gwaji yakan nuna ci gaba, amma masana sun sha bamban kan ko wannan fata na jure yanayin cikin murhu na haƙiƙa.

Akwai kuma abin da ake zubawa domin rage shara. Tun shekarar 2000 kamfanin Nippon Steel ke niƙa tsofaffin robobi yana gauraya kimanin kashi 1 cikin 100 a cikin kwal. Wani ɓangare na robar na komawa kok, saura kuma ya zama mai da iskar gas. Idan aka zarce wannan ɗan kaso ba tare da wata dabara ba, ƙarfin kok na raguwa.

Abin da sinadari ba ya iyawa

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk mahaɗan da aka lissafa taimako suke yi wa kwal mai danƙo domin ya ɗauki marar danƙo. Babu wanda a cikinsu ke mayar da kwal ɗin Inugu ko na Okaba zalla ya zama kok ɗin da zai ɗauki nauyin babban murhu a irin tanderun da aka gina a Ajaokuta.

Haka kuma mahaɗi ba ya cire toka. Tokar da ke cikin kwal duk tana nan a cikin kok, har ma kasonta na ƙaruwa tunda sauran jikin ya ragu da rubu'i. Kwal mai toka kashi 10 cikin 100 kan ba da kok mai toka kusan kashi 13. A cikin murhu sai an narka wannan toka ta fita a matsayin kashin maƙera, kuma narka ta na cin ƙarin kok da ƙarin farar ƙasa.

Farar wuta ta fi toka haɗari. Fiye da rabin wadda ke cikin kwal na bin kok zuwa murhu, daga nan wani kaso ya shiga ƙarfe. Ƙarfen da farar wuta ta yi masa yawa yakan tsage lokacin da ake mulmula shi da zafi. Sinadarin fosfarus kuma na sa shi gautsi idan ya huce, ya karye maimakon ya lanƙwasu. Magini da ke lanƙwasa rodi a wurin aiki ya san bambancin wanda ke bin hannu da wanda ke ɓallewa.

Saboda haka kwal irin na Lafiya da Obi sai an wanke shi kafin a kai ga batun mahaɗi. Wankin farko da ruwa ake yi, inda kwal mai sauƙin nauyi ke tasowa, duwatsu da ƙasa su nutse. Wannan na cire farar wutar da ke maƙale a matsayin ƙananan duwatsu, amma ba ya taɓa wadda ke sarƙe a cikin jikin kwal ɗin.

Masu bincike a Najeriya sun gwada dafa shi da soda mai ƙuna irin ta yin sabulu, da kuma sinadarin da ake samu a cikin kanwa, kuma a ɗakin gwaji toka da farar wuta sun ragu. Matsalar ita ce abin da ya yiwu a kan 'yan giram ba lallai ne ya yi araha a kan dubban tan ba. Sannan idan ba a ɗauraye sodar sarai ba, ragowarta na sa kok saurin cinyewa, tana kuma cin tubalin da aka shafe cikin murhu da shi.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya aikin gasa kwal da kuma daskararren kwaltar kwal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Duk masana'antar da za ta ƙara yawan kwalta a haɗinta, wajibi ne ta ƙara tsaurara matakan kare ma'aikata da mazauna kewaye.

A ɗaya ɓangaren, hayaƙin da aka tara aka tace dukiya ne. Daga cikinsa ake samun iskar gas da ke komawa ta hura tanderun, da takin zamani mai sinadarin amoniya, da kwalta, da kayan haɗa magunguna da fenti.

Wutar da ba a kashewa

Abin da ya sa batun kwal ya zama na farko kafin komai shi ne yanayin tanderun kansa. Ana gina shi ne da wani tubali na musamman da ke jure tsananin zafi amma ba ya jure hucewa. Ɗumama shi kaɗai kan ɗauki wata biyu zuwa uku, kuma da zarar ya kama aiki ba a kashe shi sai bayan shekaru 20 ko fiye. Idan ya huce, bangayensa na tsagewa.

Haka shi ma babban murhu yake: idan aka hura shi, dare da rana yake aiki na tsawon shekaru. Jirgin ruwa ɗaya da ya makara da kwal, ko layin dogo da ya katse na 'yan makonni, na iya jawo asarar da ta fi ta barin murhun a kashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin masana'antar ya nuna yadda aka yi ta jan ƙafa. An kafa Hukumar Bunƙasa Ƙarafa ta Najeriya a 1971, aka ƙulla kwangilar ginin da kamfanin Tyazhpromexport na tsohuwar Tarayyar Sobiyat a 1979, Shugaba Shehu Shagari kuma ya aza harsashi a 1980. Zuwa 1994 an ce aikin ya kai kashi 98 cikin 100.

Yarjejeniyar da aka yi da kamfanin Global Steel a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke ta a 2008, rikicin kuma bai ƙare ba sai a 2022, lokacin da Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496.

A 2020 aka ƙaddamar da layin dogo na Itakpe zuwa Ajaokuta zuwa Warri. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikata ta musamman domin ƙarafa, a watan Satumban 2024 kuma aka sanya hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin na Rasha a birnin Mosko domin farfaɗo da masana'antar.

Hanyar da ba ta bukatar kok

Ba babban murhu ne kaɗai hanyar samun ƙarfe daga tama ba. Akwai hanyar da ake zare oksijin daga tama ba tare da an narka ta ba, a samu wani ƙarfe mai ƙofofi kamar soso, sannan a narka shi da lantarki. Wannan hanya na aiki da iskar gas, ko da kwal na gama-gari wanda ba shi da danƙo.

A kan iskar gas aka gina masana'antar ƙarafa ta Delta da ke Aladja, wadda aka buɗe a 1982, kuma ita aka tsara ta riƙa ciyar da masana'antun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa samar da irin wannan ƙarfe, da kwal ɗinta na gida take yin mafi yawansa. A ƙauyen Gujeni da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, a kan hanyar Abuja, wani kamfani mai zaman kansa ya kafa masana'antar da ke bin wannan tsari.

Ita ma hanyar da nata sharuɗɗan. Tana son tama mai tsafta sosai, alhali tamar Itakpe na fitowa ne da ƙarfe kimanin kashi 36 cikin 100, sai an tace ta kafin ta haura kashi 60. Tana kuma bukatar wutar lantarki mai yawa wadda ba ta yankewa.

Muddin ba a samu sabon ƙarfe daga tama ba, masana'antu za su ci gaba da dogaro da tsofaffin ƙarafa, kuma Abuja ta riga ta ɗanɗani abin da wannan yunwa ke haifarwa. A watan Janairun 2025, bayan yawaitar satar murafen ramukan titi a birnin, Hukumar Babban Birnin Tarayya ta haramta sana'ar jari-bola a cikin gari, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na tsawon mako biyu. Matakin ya shafi ɗimbin matasa 'yan Arewa da ke neman halalinsu a sana'ar gwangwan, ciki har da na yankin Dei-Dei.

Narka tsohon ƙarfe ba aibi ba ne, ƙasashe da dama na yin rodi mai inganci da shi. Amma tarkacen da aka tattaro daga ko'ina na zuwa da gaurayen jan ƙarfe da wasu ma'adanai da ba sa fita a wuta, kuma sai da sabon ƙarfe ake surka su. Shi ya sa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ke yawan gargaɗi kan rodi marar inganci a duk lokacin da aka samu rushewar gini.

Abin da binciken shekaru ya nuna shi ne cewa mahaɗai, tare da wanki da daddagewa, na iya rage yawan kwal ɗin da Najeriya za ta saya da dala, amma ba za su kawar da sayen ba. Kowane kashi ɗaya cikin 100 da aka maye da na gida, a masana'antar da ke cin sama da tan miliyan ɗaya, ya haura tan dubu 10 a shekara.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata duk wata yarjejeniya kan Ajaokuta ta amsa tun kafin a kunna ashana: daga ina kwal mai danƙo zai fito, ta wace tashar ruwa da wane layin dogo zai iso, kashi nawa na gida za a gauraya, da wane mahaɗi, kuma wa zai gwada haɗin a babban tanderu kafin a dogara da shi. (NAN)